A ƙirga wa ɗalibi awowin da ya yi aiki, a biya shi

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kai da abokan aikinka kuna lafiya, ina roƙon ɗan fili in sa baki a zancen da ake ta yi kan yadda ɗalibi zai riƙe kansa a jami'a, tun da kuɗin makaranta ya yi tashin gwauron zabi, asusun lamunin karatu na NELFUND kuma ya fara aiki a 2024. Kowa maganar bashi yake yi. Ni maganar aiki nake so in yi, don ita na sani. Ina aiki a sashen wasanni na wata ƙaramar kwaleji a jihar Ohio ta Amurka, kuma abin da aka ɗora mini shi ne kula da ɗaliban da muke ɗauka aiki. Ni ke tsara musu jadawali, ni ke sa hannu a awowinsu, ni ake bugo wa waya in wani bai zo ba. Ba zan kama sunan makarantar ba, domin ba da yawunta nake magana ba.

Wanda yake kallon wasannin jami'o'in Amurka a talabijin zai ɗauka ko'ina haka yake, fili cike da mutum dubu ɗari da ma'aikata masu kaki. Waɗannan 'yan tsiraru ne. Hukumar NCAA mai kula da wasannin jami'o'in Amurka, wadda hedikwatarta ke Indianapolis, tana da makarantu kusan 1,100, kuma tun 1973 ta kasa su rukuni uku. Mu muna rukuni na uku, inda ba a ba ɗan wasa tallafin karatu don wasansa, kuma a nan ne makarantu suka fi yawa. A irin makarantarmu, in ka cire kociyoyi da alƙalan wasa da masu kula da lafiyar 'yan wasa, kusan duk wanda ka gani yana kai-komo ranar wasa ɗalibi ne. Shi ke sayar da tikiti a ƙofa, shi ke riƙe kyamara don iyayen da ke kallo ta intanet, shi ke rubuta wa ya ci, wa ya ba da, shi ke goge gumi a ƙasan filin ƙwallon kwando, shi ke tsaron wurin ninƙaya. Bayan kowa ya watse kuma akwai wanda zai kwashe rigunan da suka jiƙe ya zuba a injin wanki, ya tsaya har su bushe, don ƙungiyar na da atisaye da asuba.

Kada a raina waɗannan ayyuka. Ɗauki agogon ƙwallon ƙafa. A gida mun saba lokaci yana hannun alƙali, shi ke ƙara mintuna yadda ya ga dama. A wasannin kwalejoji a nan agogon yana kan allo, yana farawa daga minti 45 yana raguwa, ana tsayar da shi in an ci ko an ba da kati ko wani ya ji ciwo, kuma da ya kai sifili ƙaho zai yi ƙara, wasa ya ƙare ko da ƙwallo na hanyar raga. Mai danna wannan maɓalli sau da yawa yarinya ce 'yar shekara 19 da ta fito daga ajin kimiyyar sinadarai. A ƙwallon kwando akwai ƙaramin agogo na daƙiƙa 30 da ake ba ƙungiya ta jefa. In ƙwallo ta taɓa zobe ƙungiyar da ta jefa ta sake cafewa, daƙiƙa 20 ake mayar da shi, ba 30 ba. Wanda ya ruɗe a nan, koci zai taso masa a gaban jama'a kamar zai cinye shi ɗanye. Shi ya sa ban taɓa sa sabon shiga a wannan kujera shi kaɗai ba. Sai ya zauna gefen tsohon hannu yana kallo, daga baya su yi musaya, tsohon hannun na kallonsa. Duk zaman kallon nan ana biyan sa, don koyon aiki ma aiki ne.

Kuɗin daga tushe biyu yake fitowa. Akwai shirin gwamnatin tarayya na karatu da aiki, wanda aka faro a 1964 cikin dokokin yaƙi da talauci na zamanin shugaba Lyndon Johnson, aka mayar da shi ƙarƙashin dokar ilimi mai zurfi ta 1965. Ɗalibi ɗan ƙasa mai ƙaramin ƙarfi yana cike takardar neman tallafi da ake kira FAFSA, a ware masa wani adadi na shekara, amma ba a miƙa masa a hannu. Sai ya yi aiki, awa bayan awa, yake karɓa. Yawanci gwamnati na biyan kashi 75 cikin 100 na ladan, makaranta ta cika sauran. Na biyu kuma kasafin sashenmu ne, wanda da shi muke biyan waɗanda ba sa cikin wancan shiri. Mafi ƙarancin lada na tarayya dala 7.25 ne a awa, bai motsa ba tun 2009, amma jihohi da yawa sun wuce shi. A Ohio ya kai dala 10.70 a 2025.

Abin da nake so mai karatu ya lura da shi ba yawan kuɗin ba ne. Ƙa'idar da ke tare da kuɗin ita ce zancen. An hana ɗalibin da ke cikin shirin tarayya yin aiki a lokacin da yake da darasi. In jadawalin karatunsa ya ce yana aji daga ƙarfe 2 zuwa 3, kuma takardar awowinsa ta nuna yana wurina a wannan lokaci, ni za a tuhuma, sai dai in na kawo shaidar cewa malamin ya soke darasin. Saboda haka farkon kowane zango, kafin in rubuta sunan kowa a ko'ina, sai kowane ɗalibi ya turo mini jadawalin darussansa. Shi nake fara shimfiɗawa, in toshe duk inda aji yake, in toshe minti 15 kafinsa da bayansa don tafiya, sannan in ɗora wasanni a kan abin da ya rage. Mun ɗora wannan ƙa'ida a kan kowa, har da waɗanda muke biya daga aljihun sashe.

Kociyoyi ba sa son wannan, kuma ba na ganin laifinsu sosai. Koci yana da yaron da ya iya ɗaukar hoton atisaye daidai yadda yake so, ya san inda zai tsaya, ya san lokacin da zai matso da hoto. Sai ya ce mini shi yake so ranar Talata da ƙarfe 3. In ce yana da darasin ɗakin gwaje-gwaje har ƙarfe 5. Ya ce ai sau ɗaya ne. Yaron kansa, in ka tambaye shi, zai ce ba komai, zai ari littafin abokinsa ya kwafa. Yana buƙatar kuɗin, yana kuma jin daɗin koci ya san sunansa. A nan ne aikina yake, in ce a'a a madadin wanda ba zai iya cewa a'a ba. Ɗalibi mai ƙwazo shi ne ya fi shiga haɗari, don kowa shi yake nema, shi kuma ba ya ƙi. Wanda na fi sa wa ido ba malalaci ba ne. Malalaci yana kare kansa da kansa.

Rabon aikin kansa sai an yi hattara. Akwai aiki mai daɗi, kamar zama a teburin maki cikin ɗaki mai ɗumi ana wasa da babbar abokiyar hamayya. Akwai kuma tsayuwa a wurin ajiye motoci ranar Asabar a Nuwamba, iska na yanka fuska, ko wankin dare. In ka buɗe manhaja ka ce kowa ya zaɓa, masu saurin yatsa za su kwashe na daɗin cikin minti biyar, su bar wa 'yan ajin farko da masu kunya ragowar. Ni kamar watanda nake yin sa: kowane kaso da tsokarsa da ƙashinsa, ba wanda zai tafi da hanta shi kaɗai. Wanda ya samu teburin maki a wannan mako ya san wurin motoci na jiran sa a mako mai zuwa. Ina fitar da jadawali makonni biyu kafin lokaci, kuma da ya fita, aikin ya zama na mai sunan. In wani abu ya taso masa, shi zai nemi mai karɓa, su turo mini ta manhaja, in duba ko mai karɓar ya iya aikin kuma awowinsa ba su cika ba, sannan in amince. Saƙon da ke cewa "wa zai karɓar mini gobe?" a zauren hira ba musaya ba ne. Mutum 40 za su gani, kowa ya ɗauka wani ya amsa.

Wanda bai zo ba kuma bai faɗa ba, karon farko zama muke yi mu yi magana, don sau da yawa akwai wani abu a ƙasa: ya faɗi jarabawa, ko mahaifiya ba lafiya, ko ya ɗauki aiki na biyu a gari bai gaya wa kowa ba. Karo na biyu a rubuce. Na uku mu rabu lafiya. Ban yarda da cire wa ɗalibi kuɗi a matsayin horo ba, awar da ya yi aiki tasa ce.

Lokuta biyu ne a shekara nake rasa barci. Na farko Nuwamba, lokacin da wasannin kaka ba su ƙare ba, na hunturu kuma sun fara. A Asabar ɗaya sai ka ga zari-ruga irin ta Amurka da rana, ƙwallon raga da yamma, ƙwallon kwando da daddare, ga gasar ninƙaya tun safe, kuma mutanenka su ne dai waɗannan. Ana cikin haka hutun godiya na Alhamis ta huɗu a watan ya zo, kowa ya kama hanyar gida, daga dawowa kuma sai jarabawar Disamba. Na biyu shi ne Maris zuwa Afrilu, lokacin da ruwan sama ke wasa da hankalinmu. A ɗage wasan Laraba zuwa Alhamis, a wayi gari duk waɗanda na sa suna da aji. Ga dokar tsawa: da an ga walƙiya a kusa, kowa zai bar fili, kuma sai an yi minti 30 ba a sake gani ko ji ba kafin a koma. In ta sake yi a minti na 29, lissafi ya koma farko. Ɗalibin da na yi wa alƙawarin tashi ƙarfe 6 yana zaune a rumfa har 8, ana biyan sa zaman, amma wa zai biya shi karatun da bai yi ba? Shi ya sa a irin ranakun nake ajiye mutum biyu a gefe waɗanda suka san za a iya kiran su, in sallami mai jarabawa gobe.

A watan Afrilu kuma akwai wata matsalar. Kason da gwamnati ta ware wa ɗalibi yana da iyaka, in ya cinye shi shi ke nan. Yaron da aka yi ta lafta wa awowi a Oktoba zai wayi gari kasonsa ya ƙare, saura wata guda a rufe makaranta, lokacin da ya fi buƙatar kuɗin motar komawa gida. Ko dai sashe ya ɗauki ladansa gaba ɗaya, ko ya zauna. Don haka tun Satumba nake raba kason kowa da yawan makonni, in gaya masa awa nawa zai yi a mako in yana so ya kai Mayu. Wasu suna jin haushi, suna ganin ina hana su arziƙi.

Yanzu ga inda zancen ya taɓa yaranmu kai tsaye. Ɗalibin da ya zo daga Kano ko Maraɗi ko Kumasi da bizar karatu ta F-1 ba ya cikin shirin tarayya, wannan na 'yan ƙasa ne da masu takardar zama. An yarda ya yi aiki a cikin makaranta, amma kada ya wuce awa 20 a mako muddin ana karatu. A lokacin hutu ne kawai zai iya yin cikakken aiki. Kuma awa 20 ɗin nan jimilla ce. In yana yin 12 a ɗakin cin abinci, 8 ta rage mini, ba 20 ba. Ga ɗan ƙasa, wuce iyaka matsala ce tsakanina da ofishin albashi. Ga baƙo kuwa saɓa sharaɗin biza ne, abin da zai iya jawo masa asarar karatun gaba ɗaya. Na sha ganin yaro ya zo ofishina ya rufe ƙofa, ya sassauta murya ya ce, "Kawu, ka taimaka, ka sa ni in yi, sai ka rubuta awowin a mako mai zuwa." Ya ga fatarmu ɗaya, wani lokacin harshenmu ɗaya, yana ganin ai na gida ba ya ƙin na gida. Nakan ba shi shayi in ce masa a'a. Rubuta awa a ranar da ba a yi ta ba ƙarya ce a takardar hukuma, kuma ranar da asiri ya tonu, ni aiki zan rasa, shi kuwa ƙasar zai bari. Abin da nake iya yi masa shi ne in ba shi aikin hutun Disamba da na bazara, lokacin da 'yan ƙasa suka tafi gida, wasanni da sansanonin yara kuma ba su tsaya ba.

Iyayen da ke turo mini saƙo suna cewa ɗansu ya samu gurbi, sauran kuɗin zai nema da aikin makaranta, don Allah su ɗauki alƙalami. A ladan 2025, awa 20 sau dala 10.70 ta kama dala 214 a mako. Zango yana da mako 15 ko kusa da haka, ka ga dala 3,210 ke nan, in har ya samu awa 20 ɗin cif kowane mako, abin da ba kasafai ake samu ba. In aka juya shi zuwa naira yana da nauyi a kunne. A nan kuwa kwalejoji masu zaman kansu da yawa kuɗin karatunsu kaɗai ya haura dala 40,000 a shekara, ban da ɗaki da abinci da inshorar lafiya. Aikin makaranta na sayen littafi ne da rigar sanyi da katin waya. Ba ya biyan kuɗin makaranta.

Zancen addini ma yana shiga jadawali. Juma'a da rana ba na sa ɗalibi Musulmi da ya gaya mini yana zuwa masallaci, kamar yadda ba na sa Bayahude mai kiyaye Asabar, ko Kirista mai zuwa coci Lahadi da safe. Dokar 'yancin jama'a ta 1964 ta wajabta wa mai ɗaukar aiki ya yi iya ƙoƙarinsa a irin wannan. A shekarun nan da azumi ke faɗowa ƙarshen hunturu, magariba kan zo daidai lokacin da ake buɗe ƙofa ko ana tsakiyar wasa. Mai azumi ba na ajiye shi a agogo, inda ba ya iya ɗaga kai. Ina sa shi inda wani zai riƙe masa minti 10 ya sha ruwa ya yi salla. Amma sai ya faɗa tun farkon zango. Yaranmu suna da nauyin baki a nan, sai ranar ta zo su ɓace, a rubuta musu rashin zuwa a kan abin da da sun tambaya da an ba su.

Ba ina cewa tsarin nan ba shi da aibi ba. A Yunin 2025 wata kotun tarayya a Kalifoniya ta amince da sulhun da ya ba manyan makarantu damar raba wa 'yan wasansu har kusan dala miliyan 20.5 kowace makaranta a shekarar farko. Ban ƙi a biya ɗan wasa ba, jikinsa yake sayarwa. Amma a waɗannan makarantun akwai ɗaliban da ke hidimar ƙungiya, su riga kowa zuwa su bi bayan kowa tashi, su bi ƙungiya tafiye-tafiye, kuma da yawansu ɗan alawus ake ba su ko riga da takalmi, a ce ai suna samun gogewa. Duk inda aka daina ƙirga awa aka koma kiran abin gogewa, to ɗalibi ne zai kwana a ciki.

Wannan ne ya sa nake tunanin gida. Gasar jami'o'in Najeriya ta NUGA tana nan tun 1966, ga gasar kwalejojin kimiyya da fasaha da ta kwalejojin ilimi, ga wasannin tsangayoyi da na ɗakunan kwana da ba sa yankewa. Duk wanda ya yi jami'a a gida ya san su wa ke zuba farar ƙasa a layin fili, su wa ke ɗauko kujeru da ruwan leda, su wa ke tsayuwa a rana suna tare 'yan kallo. Ɗalibai ne, da sunan sa kai, ladansu riga mai tambari da shinkafa a roba, wani lokacin da alƙawarin alawus da sai an yi ta sintiri a ofis. Ba na cewa a kwafo dala 10 a awa, ba mu da ita. Abin da ba ya cin kuɗi shi nake roƙon daraktocin wasanni da shugabannin harkokin ɗalibai su duba: a karɓi jadawalin lakcar yaro kafin a ba shi aiki, a sa iyakar awowi a mako, a buɗe rajista da zai sa hannu lokacin zuwa da lokacin tashi, a faɗi ladan awa tun kafin a fara ko da kaɗan ne, a biya ta banki a ranar da aka ce. Makon jarabawa kuma a ƙyale shi. Jami'ar da ke iya sayen jesi da biyan kuɗin masaukin jami'ai tana iya ware wani abu don wannan, kuma in an tashi ɗauka a fara da waɗanda kuɗin rajista ya gagara, ba ƙannen ma'aikata ba.

Na gode da filin da ka ba ni. Allah Ya ƙara wa jaridar nan albarka.

Naka,
Mai karanta ku daga jihar Ohio, Amurka